Faifai, Zango da Baƙon da Ba a Raɗa wa Suna Ba

A gidanmu a Sandamu, faifai ba ya rabuwa da bangon ɗakin kakata. Da shi take rufe ƙwaryar fura, da shi take bakace idan an surfa gero. Da garmaho ya shigo ƙasar Hausa, mutane suka dubi baƙin abin nan da ke juyawa ƙarƙashin allura, suka ce ai wannan faifai ne, sunan kuwa ya zauna daram. Garmaho ya tafi, kaset ya ci zamaninsa, amma har gobe idan maganar wani ta bazu a WhatsApp, sai ka ji mai karanta labarai ya ce an samu "faifan murya". Babu wani abu mai da'ira a cikin wayar, sunan dai ya ƙi sauka.

Haka zango. Mu mutanen masarautar Daura mun san shi a matsayin gari, domin Zango ɗaya ce daga ƙananan hukumominmu biyar, tare da Daura da Sandamu da Baure da Mai'aduwa. Asalin kalmar kuwa wurin da fatake ke sauke kaya su kwana ne, da kuma tazarar da ke tsakanin wannan masauki da na gaba. Da masu aikin rediyo suka so gaya wa jama'a inda za a kama su, sai suka ce a kan mita kaza, gajeren zango. Wannan fassara tana burge ni ƙwarai, domin ta ɗauko awon tafiyar jaki da raƙumi ta auna abin da ido ba ya gani. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, rediyon Kaduna a 1962, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, kuma a bakin waɗannan tashoshi irin kalmomin nan suka shiga kowane zaure. Ita tasha aro ce daga Turanci, amma wa yake jin baƙuntarta yanzu?

To, ga sabon baƙo. Wasu na rubuta shi podkas, wasu fodkas. A Turancin ma ɗan jiya ne: wani marubuci a jaridar Guardian ta Ingila ne ya fara amfani da shi a 2004, an ɗinke sunan na'urar iPod da kalmar watsa shiri. Jaridar Aminiya tana fitar da irinsa, kamar Najeriya a Yau da Daga Laraba, masu saurare kuwa galibi "shiri" kawai suke cewa. Sai dai shiri bai faɗi bambancin ba. Na rediyo kamar ruwan sama yake, in ya sauka ba ka tara ba, ya wuce. Wannan kuwa ajiye yake, ka ɗebo sa'ad da ka ga dama, ko a gona ko a teburin mai shayi. Shi ya sa ni nake ce masa rumbun murya.

Ajiyar nan ce ta dame ni, ba don ina tsoron Hausa za ta mutu ba. Tsorona na Dauranci ne. Daidaitacciyar Hausar da ake koyarwa a makaranta ta jingina ne da Kananci, kuma bokonmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ka rubuta "fari": launi kake nufi, ko ƙarancin ruwan sama? Ka rubuta "gari": na tuwo ko na zama? Takarda ta yi shiru, kunne ne ke rabewa. Karin da tsofaffinmu ke yi wa magana, da kalmomin noma da na saƙa da suka fara faɗuwa daga bakin yara, murya ce kaɗai ke iya riƙe su yadda suke.

Kakata ta rasu ban naɗi ko gaisuwarta ba. Da damina ta bana na ajiye waya gaban ƙanenta, ya shafe fiye da sa'a guda yana lissafa mini sunayen ciyayi da irin ƙasar da kowacce ke so. Da na kunna masa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗan nan, ka adana mini faifan nan da kyau."