Bulalar Fata: Asalinta, Yadda Ake Kitsa Ta, Da Halin Da Sana'ar Ke Ciki

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Zariya ko Kano ko Katsina, ko ya halarci kilisar angwanci a unguwannin Kaduna, ya ga bulalar fata rataye a wuyan hannun mahayi. A cikin kayan doki ita ce mafi ƙanƙanta, ba ta kai sirdi ko linzami ɗaukar ido ba, amma aikin da ke cikinta ya ratsa hannun mahauci da majemi da baduku kafin ta iso ga mai ita. Wannan maƙala ta tattaro bayani kan ire-irenta, da fatar da ake yin ta da ita, da matakan kitsa ta, da kuma abin da ya kamata mai saye ya lura da shi.

Sunaye da ire-ire

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage, kuma kowace da inda ta dosa. Bulala ita ce sunan gama-gari. Tsumagiya reshen itace ne mai lanƙwasa, irin na tsamiya, kuma da ita samarin Fulani ke gwada jarunta a wasan sharo, wanda ake kira shaɗi. Dorina kuwa ta samo sunanta ne daga dabbar ruwan nan mai kaurin fata, domin da fatarta ake yin ta tun asali, ana kuma kiranta kurfo. A kudancin Najeriya da bakin 'yan birni an fi sanin bulalar fatar shanu da sunan koboko.

Ta fuskar ƙira, bulalar fata iri uku ce. Ta farko ita ce guda ɗaya tilo, wadda ake yanko tsiri mai kauri a sassaƙe shi ya tafi yana sirancewa, kamar dorina. Ta biyu ita ce ta tufka, inda ake murɗa ɗanyar fata tun tana jiƙe a bar ta ta bushe ta sandare. Ta uku ita ce ta kitso, wadda ake saƙa siraran igiyoyin jemammiyar fata a kan wata zuciya da ke tsakiya. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi wuyar yi, mafi tsada, kuma ita masu ado da masu wasa suka fi nema, saboda tana karɓar rini kuma tana bin hannu.

Tushen sana'ar

Jima da dukanci tsofaffin sana'o'i ne a ƙasar Hausa, waɗanda ake gado daga iyaye, har a garuruwa da yawa akwai sarautar Sarkin Dukawa. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har yau cibiya ce ta kayan doki da kayan fata. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ziyarci Kano a 1851, ya rubuta yadda takalma da jemammun fatu ke cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe tana tsallaka Sahara a bayan raƙuma, kuma da yake ta tashoshin Arewacin Afirka take shiga Turai, sai Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, suna yi wa littattafai masu daraja bango da ita.

Kaduna ta bambanta da waɗannan birane. Gari ne da ya tashi da jirgin ƙasa da mulki, ya zama hedikwatar Arewa a 1917. Kakuri da ke kudu da kogin Kaduna unguwa ce ta masana'antu: nan aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, sai kamfanin ƙera makamai na DICON a 1964, sai kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Dubban ma'aikatan da suka taru daga sassan ƙasar nan sun zo da al'adunsu da bukukuwansu, masu sana'ar hannu kuma suka biyo su. Saboda haka dukancin Kaduna reshe ne na na tsofaffin birane, kuma kayan doki na alfarma galibi daga can ake sayo su. Duk da haka Kaduna ta karɓi manyan hawa biyu da suka shiga tarihi: wanda aka yi wa Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu a 1956, da na bikin FESTAC a 1977.

Daga mayanka zuwa majema

Ingancin bulala yana farawa ne tun daga fiɗa. Idan wuƙar mahauci ta yi wa fata rauni, wurin zai zama inda igiya za ta tsinke daga baya. Haka ma tabon ƙaya da na kaska da na lalas da makiyaya ke yi wa dabba. Fatar shanu, wato ƙirgi, ita ake amfani da ita wajen zuciya da ɓangarorin da ke buƙatar ƙarfi, ta akuya kuma wajen kitson waje da ado, domin tana da laushi da ƙarko duk da rashin kaurinta.

A jimar gargajiya, ana jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, sannan a kankare shi da kartaji. Daga nan a sa ta cikin ruwan kashin kaji ko na tantabaru domin ta yi laushi, a wanke, sai a tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. Sinadarin da ke cikin bagaruwa shi ke shiga jikin fata ya hana ta ruɓewa. Bayan ta sha jima sai a shafe ta da mai, a shanya a inuwa, a yi ta murzawa har ta saki jiki. Jan launi daga karan dafi ake samun sa, baƙi kuma daga kuloko, wanda ake haɗawa da ƙarfe. A yau rinin kanti ya shigo sosai, ko da yake masu sanin kaya har yanzu suna fifita jan karan dafi.

Matakan kitso

Baduku yana fara yanka ne daga gefen fata, yana zagayawa kamar mai feraye lemo, har ya fitar da doguwar igiya ɗaya daga fata guda. Igiyoyin da suka fito daga gadon baya sun fi ƙarfi, na ciki kuma sun fi miƙewa, don haka gwani ba ya haɗa su a kitso ɗaya ba tare da ya ja su sun gama miƙewa ba. Yana kuma feƙe gefen kowace igiya da wuƙa domin su kwanta a kan juna babu tudu, sannan ya shafa musu kitse ko man kaɗe.

Mataki na biyu shi ne mariƙi da zuciya. Mariƙin yakan zama guntun itace ko ƙarfe, a ɗaura masa tsirin fata mai kauri wanda ke sirancewa zuwa ƙarshe. A bulala mai tsada ana yin ƙaramin kitso a kan zuciyar, a naɗe shi da fata, kafin a zo kan kitson waje. Wannan rufi bisa rufi shi ke ba ta nauyi a gindi da sauƙi a baki.

Kitson waje ana yin sa da igiyoyi masu adadin da ke rabuwa biyu daidai: 4, 6, 8, 12 ko 16. Ana rataye aikin a ƙugiya, a raba igiyoyin dama da hagu. A kitso mai igiya 8, baduku yana ɗaukar ta can gefe, ya zagaya da ita ta bayan zuciya, ya bi ta ƙarƙashin igiya biyu na ɗaya ɓangaren, ya hau kan biyu, ta dawo ɓangarenta. Sai ya yi haka daga ɗaya gefen, yana jan kowace da ƙarfi iri ɗaya. Idan jan ya bambanta, layin kitson zai karkace, bulalar kuma ba za ta tafi inda aka nufa da ita ba. Yayin da aikin ke sauka, yana rage igiyoyi yana cusa su cikin zuciya, daga 12 zuwa 10 zuwa 8, har bakin ya sirance.

A ƙarshe ana ɗora ta a kan daɓe mai santsi a murza da katako domin ta yi zagaye sumul. A yi ƙulli na ado a gindin mariƙi, a sa madaukin da ke shiga wuyan hannu, wani lokaci da tuntu. Bulalar da ake so ta yi ƙara ana ƙara mata tsirin fata guda a baki, da ɗan zare murɗaɗɗe a ƙarshensa, wanda ake sauyawa idan ya cinye.

Dalilin ƙarar bulala

Mutane da yawa suna zaton ƙarar doguwar bulala tana fitowa ne daga bugun fata da fata. Masana kimiyya sun tabbatar da cewa gudu ne ke haifar da ita. Idan aka kaɗa bulala, wani lanƙwaso yana tafiya daga gindi zuwa baki, kuma da yake jikin yana sirancewa, gudunsa yana ta ƙaruwa har ya zarce gudun sauti, wanda ya kai kimanin kilomita 1,235 a awa guda. Iskar da aka keta ita ke fashewa da ƙara. A 2002 wasu masana lissafi biyu na Jami'ar Arizona ta Amurka, Alain Goriely da Tyler McMillen, sun wallafa binciken da ya yi bayanin wannan tafiya ta lanƙwaso. Abin da baduku ke yi na rage igiyoyi, ke nan, shi ne ainihin abin da ke ba bulala muryarta.

Masu amfani da ita

A hawan Sallah, da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa a Kano, da Hawan Bariki a Zazzau da Katsina, bulala tana cikin kayan mahayi, kuma dogarai na riƙe ta wajen buɗe hanya. Gwanin mahayi ba safai yake dukan doki da ita ba, linzami da ƙafa sun ishe shi. Hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalawa a watan Disamban 2024. Masu sukuwa, da masu raƙuma, da masu shirya finafinan sarauta na Kannywood, da ƙungiyoyin raye-rayen gargajiya, duk suna cikin masu saye.

A wasu ƙasashe ma sana'ar tana da daraja. Makiyayan Ostareliya suna kitsa tasu da fatar kangaru, wadda ta yi suna wajen ƙarfi, har ana gasar kaɗa bulala. A Amurka, David Morgan ne ya kitsa bulalun finafinan Indiana Jones, waɗanda na farkonsu ya fito a 1981, abin da ya farfaɗo da kasuwar a can. Afirka ta Kudu tana da irin dorinarmu da suke kira sjambok.

Ƙalubalen da ke gaban sana'ar

Babbar matsala ita ce tsadar fata. Ƙirgin da ya kamata ya tafi majema yana ƙarewa a tukunya a matsayin ganda, wadda ke da kasuwa mai ƙarfi musamman a kudu, fatun awaki masu kyau kuma manyan kamfanonin jima na Kano ke kwashewa domin fitarwa waje. Ga kuma bulalar roba da ta leda mai araha. Rufewar masaƙun Kakuri, ciki har da Kaduna Textiles a 2002, ta rage kuɗin da ke yawo a hannun jama'ar yankin, kuma kayan ado su ne farkon abin da magidanci ke haƙura da shi. Matasa kuma ba su cika jure shekarun koyo ba. A Samarun Zariya akwai cibiyar nazarin fasahar fata ta tarayya, NILEST, wadda ke horar da ɗalibai kan jima da sarrafa fata, kuma haɗa ta da dukawan gargajiya zai amfani ɓangarorin biyu.

Batun dorina kuwa ya wuce na kasuwa. Tun 2006 ƙungiyar IUCN ta sanya dabbar cikin waɗanda ke fuskantar barazana, yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikin sassan jikinta, kuma a Najeriya 'yan kaɗan suka rage a wurare irin su madatsar Dadin Kowa da ta Kiri. Mafi yawan abin da ake kira dorina a kasuwa yau fatar shanu ce, kuma hakan ya fi alheri. Haka nan bulalar ado ba lasisin dukan mutane ba ce: dokar haramta azabtarwa ta 2017 ta hana jami'ai cin zarafin wanda ke hannunsu.

Shawara ga mai saye

Mai saye ya dubi layin kitso, ya ga ko ya miƙe daga gindi har baki. Ya lanƙwasa ta: mai kyau tana yin baka sumul, ba ta karyewa a wuri guda, kuma ba a hango zuciyarta ta tsakanin igiyoyi. Ya shinshina, domin wari alama ce ta jimar da ba ta nuna ba. Ya goga farin ƙyalle ya ga ko rinin yana zuba, kada ya ɓata babbar riga ranar hawa. Bayan an saya, a kiyaye ta daga ruwa da zafin rana, a riƙa shafa mata mai kaɗan, musamman lokacin hunturu da fata ke tsagewa, sannan a rataye ta maimakon a naɗe ta a ƙasan akwati. Bulalar da ta sami wannan kulawa tana yin shekaru masu yawa a hannun mai ita.