Kura da Shan Bugu: Makaɗan da Duniya ta Taka Rawarsu ba ta San Sunansu ba

A ranar 20 ga Nuwamban 1969, James Brown ya shiga situdiyon kamfanin King da ke birnin Cincinnati na Amurka tare da makaɗansa. Ana cikin ɗaukar wata waƙa sai ya umurci kowa ya dakata, a bar mai ganga shi kaɗai. Clyde Stubblefield ya yi ta kaɗawa na kimanin daƙiƙa 20, sannan sauran suka dawo. Waƙar ta fito a 1970 da sunan "Funky Drummer", wato an raɗa mata suna ne saboda makaɗin. Amma a gurbin mawallafi, sunan James Brown kaɗai aka rubuta. Wannan ɗan layi na jikin faifai shi ya yanke wa Stubblefield rabonsa har ƙarshen rayuwarsa.

An haifi Stubblefield a 1943 a Chattanooga ta jihar Tennessee. Bai yi makarantar kiɗa ba. Kunnensa ne malaminsa, domin tun yana yaro yake kwaikwayon ƙarar injinan masana'antu da jiragen ƙasa na garinsu. Ya shiga ƙungiyar Brown a 1965, kuma hannunsa ne ake ji a "Cold Sweat" ta 1967, waƙar da masana da yawa ke ɗauka a matsayin mafarin salon funk. A farkon shekarun 1970 ya bar ƙungiyar, ya koma Madison ta jihar Wisconsin, inda ya ci gaba da kiɗa a ƙananan gidajen rawa.

Abin da ya ta da waɗancan daƙiƙoƙi daga barci na'ura ce. A shekarun 1980 aka samu injinan da ke iya gutsuro wani yanki na tsohon faifai su riƙa maimaita shi, irin su SP-1200 da MPC60. Matasan da ke haɗa kiɗan hip-hop a New York ba su da kuɗin ɗaukar makaɗa, don haka suka bazama neman wuraren da ganga ke tashi ita kaɗai. Da aka sake fitar da "Funky Drummer" a kundin In the Jungle Groove a 1986, sai suka yi mata caa. Public Enemy sun ɗora "Fight the Power" a kanta, LL Cool J ya yi "Mama Said Knock You Out", har George Michael ya ɗiba. Waƙoƙin da suka ari wannan kiɗa sun haura dubu.

Me ya sa bai samu komai ba? Dokar haƙƙin mallaka ta raba waƙa gida biyu. Akwai haƙƙin ƙirƙira, wanda a al'ada ya shafi baiti da karin murya, kuma na wanda aka rubuta a matsayin mawallafi ne. Akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa, wanda galibi na kamfanin faifai ne. Mai ganga ba ya cikin ko ɗaya. Ɗan ƙwadago ne, an biya shi ladan yininsa an sallame shi. Ko da wata kotun New York ta yanke hukunci a 1991, a shari'ar mawaƙi Biz Markie, cewa gutsurar kiɗan wani ba da izini ba saɓa doka ne, kuɗin izinin aljihun kamfani da mawallafi ya nufa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da tsufa ya zo wa Stubblefield, ya zo da ciwon daji da ciwon ƙoda, ga shi ba shi da inshorar lafiya. Sai bayan rasuwar mawaƙi Prince a 2016 aka bayyana cewa shi ne ya biya masa dubban daloli na kuɗin asibiti a asirce. Stubblefield ya rasu a watan Fabrairun 2017.

Labarin Gregory Coleman ya fi wannan ɗaci. Shi ne mai gangar ƙungiyar The Winstons, waɗanda suka fitar da "Amen, Brother" a 1969 a bayan faifan wata waƙarsu da ta yi kasuwa. Kiɗan da ya yi shi kaɗai a ciki bai kai daƙiƙa 10 ba, amma N.W.A sun yi amfani da shi a "Straight Outta Compton", kuma a kansa aka gina salon jungle a Ingila a shekarun 1990. Coleman ya rasu a Atlanta a 2006, kuma bisa shaidar shugaban ƙungiyarsu, ko matsuguni ba shi da shi.

A Legas ma an yi makamancin haka, sai dai ƙarshen ya bambanta. Tony Allen ya yi wa Fela Kuti kiɗa daga 1964, kuma shi ne jagoran makaɗan Africa 70. Salon gangarsa ne ƙashin bayan Afrobeat, abin da Fela da kansa ya amince da shi. Duk da haka saɓani kan kuɗi da rabon yabo ya sa ya raba gari da Fela a ƙarshen shekarun 1970. Ya koma Turai, ya zauna a Faris, ya riƙa fitar da faifai da sunansa har ya rasu a 2020. Allen bai fi Stubblefield gwaninta da tazarar da za ta bayyana bambancin makomarsu ba. Bambancin shi ne ya kai ga sa sunansa a inda ake rubuta mai abu.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan al'amari. Harshenmu ya ɗaukaka ganga har muna kiran mawaƙi "makaɗi", muna da sarautu irin su Sarkin Taushi da Sarkin Kotso. Amma mutum nawa ne cikin masu sauraron Mamman Shata za su iya lissafa waɗanda suka riƙe masa kalangu shekara da shekaru, ko masu kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo? Kowa ya san da jin tashin kalangun ake gane waƙar Shata tun bai buɗe baki ba. Kaset ya adana sautinsu, bai adana sunayensu ba, sai ɗan abin da uban kiɗan ya ambata a baiti ko manazarta suka tsinto.

Yanzu da ake kwashe tsofaffin kaset ana ɗora su a intanet, dama ta samu ta gyara wannan. Wasu daga cikin yaran waɗannan makaɗa da 'ya'yansu suna raye, sun san wa ya riƙe wace ganga a wace waƙa. Duk wanda ke da hannu a gidan rediyo, jami'a ko ɗakin adana tarihi, aikin da ke gabansa mai sauƙi ne: a tambaye su, a rubuta sunayen a jikin waƙoƙin tun masu sanin ba su ƙare ba.