Durban: Lokacin da ya fi dacewa a ziyarci birnin bakin teku na Afirka ta Kudu

Birnin Durban, wanda ke gaɓar Tekun Indiya a lardin KwaZulu-Natal, shi ne ke da tashar jiragen ruwa mafi hada-hada a Afirka ta Kudu. 'Yan Najeriya da dama sun san shi ta hanyar ƙwallon ƙafa, domin a filin wasa na Moses Mabhida da ke birnin ne Super Eagles ta lallasa Mali da ci 4-1 a wasan kusa da na ƙarshe na Gasar Kofin Afirka ta 2013. Mai niyyar zuwa can, don kasuwanci ko taro ko hutu, ya kamata ya fara duba watan da zai yi tafiyar, saboda shi ke yanke masa yanayin da zai taras da kuma kuɗin da zai kashe.

Durban na kudu da layin da ya raba duniya biyu, don haka lokutan shekararsa sun saɓa wa na Najeriya. Sa'ad da hunturu ke kaɗawa a Kano da Sakkwato a Disamba da Janairu, can ana tsakiyar zafi da ruwan sama. Sa'ad da damina ta kankama a nan, a Yuni da Yuli, can kuma sanyi ne da rani.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, zafin rana kan kai kimanin digiri 28 a ma'aunin Salshiyos. Wannan adadi bai kai na Maiduguri a watan Afrilu ba, amma danshin da ke tasowa daga teku kan sa gumi ya ƙi bushewa a jiki. Birnin na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Oktoba da Maris. A tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu ne kuma makarantun ƙasar ke dogon hutu, inda jama'a daga Johannesburg da sauran biranen cikin ƙasa ke tururuwa zuwa bakin teku. Masaukai kan cika, farashinsu kuma ya tashi.

Afrilu da Mayu watanni ne na sauyin yanayi: zafi na raguwa, teku na nan da ɗuminsa, cunkoso kuma ya lafa, in ban da makon hutun Ista. Sai dai Afrilu na buƙatar hattara. A watan Afrilun 2022 mamakon ruwan sama ya haddasa ambaliya da zaftarewar ƙasa a Durban da kewaye, inda mutum fiye da 400 suka rasa rayukansu, hanyoyi da gadoji suka lalace, aikin tashar jiragen ruwa ma ya tsaya na ɗan lokaci.

Daga Yuni zuwa Agusta sararin sama kan washe, ruwa ya yi ƙaranci. Da rana yanayi na tsayawa a kimanin digiri 23, da dare ya sauka zuwa kusan 11. Dalilin wannan sassauci shi ne igiyar ruwa mai ɗumi ta Agulhas da ke bin gaɓar tekun, wadda ke hana birnin irin tsananin sanyin da Johannesburg ke fama da shi a watannin. Rigar sanyi guda ta wadatar wa baƙo da daddare.

A wannan lokaci ne ake gudanar da tseren gudu na Comrades, mai nisan kusan kilomita 90 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, wanda aka fara tun 1921 kuma galibi ake yi a watan Yuni. Sukuwar dawaki ta Durban July kuma kan zo a Asabar ta farko ta watan Yuli. A ranakun nan biyu masauki na wuyar samu, sai an kama ɗaki da wuri. A Yuni da Yuli kuma gungun ƙananan kifayen sadin kan yi ƙaura ta gaɓar lardin, manyan kifaye masu farauta na biye da su, abin da kan sa hukumomi su hana ninƙaya a wasu wuraren na 'yan kwanaki.

Ga Musulmi matafiyi, tsawon yini ma abin dubawa ne idan tafiyar ta faɗo cikin azumi: kimanin sa'o'i 10 a watan Yuni, kusan 14 a Disamba. Birnin na da al'ummar Musulmi mai yawa, galibi 'yan asalin Indiya, da tsohon Masallacin Juma'a na titin da aka fi sani da Grey Street, don haka abincin halal ba ya wahalar samu.

Idan aka haɗa yanayi da farashi da cunkoso, watannin Mayu zuwa Satumba su ne suka fi dacewa da yawancin baƙi. Wanda dole ta kai shi a lokacin zafi, gara ya jira bayan tsakiyar Janairu, ya kuma riƙa bibiyar sanarwar hukumar hasashen yanayi ta ƙasar. Ko wane wata aka zaɓa, ɗan Najeriya na buƙatar biza da katin shaidar rigakafin cutar shawara, kuma ya tuna cewa agogon Afirka ta Kudu na gaban na Najeriya da sa'a ɗaya.