Ina Aka Nufa da Ɗan Lakwal? Tarihin Karatu da Sana'a a Ƙasar Yelu

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace al'umma da ta san ciwon kanta tana shirya ƴaƴanta tun da wuri domin ranar da za su ɗauki nauyin kansu. Tambayar da ke gaban iyaye da malamai a kowane zamani ita ce: yaron da ya share shekara shida ko goma a kan benci, ina aka nufa da shi? Wannan maƙala za ta bi sawun amsoshin da aka ba tambayar a ƙasar Yelu, ƙaramar hukumar karkara da ke cikin da'irar Gaya, jihar Doso, a kusurwar da Nijar ta haɗu da Najeriya da Benin. Tarihin yana nuna cewa an gina makarantar boko a irin wannan wuri ne tamkar tsani mai fitar da yaro zuwa ofishin gwamnati, kuma da ofishin ya cika, ba a sake wa tsanin majingina ba.

Kafin zuwan lakwal

Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara, kuma kwarin Dallol Mawri da na Foga sun ratsa shi. Kyangawa da Hausawa da Zabarmawa da Dandawa da Fulani sun daɗe suna zaune a cikinsa. Tun kafin zuwan Nasara, gishirin Foga ya yi suna a kasuwannin Kabi da Bargu da Nufe. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ratsa kwarin a 1853, ya bayyana yadda ake aikin: a kankare ƙasa mai gishiri, a zuba ta cikin mataci na kara da ciyawa, a kwarara ruwa a kai, a dafa abin da ya tsiyayo har ya daskare, sa'an nan a cura shi.

Wannan aiki da sauran irinsa, kamar noman fadama, sassaƙar azara daga giginya, ƙira, su da fatauci, kowanne yana da tsarin koyonsa. Yaro yana farawa da aike da ɗebo itace, ya bi uba ko ubangida shekara da shekaru, har ranar da za a yaye shi ya tsaya da ƙafarsa. A gefe guda kuma akwai makarantar allo, wadda mai ƙwazo ke wucewa daga gare ta zuwa karatun littattafai, sau da yawa a garuruwan Kabi da Gwandu da Sakkwato, tun lokacin da babu wata iyaka a tsakani. Ke nan akwai hanyar sana'a, akwai ta babban karatu, kuma dukansu biyu suna komo da mutum cikin jama'arsa da abin da zai amfane ta.

Lakwal ta Nasara

Faransawa sun kafa sansani a Doso a 1898, kuma a shekarun farko na ƙarni na 20 aka shata iyakar da ta raba Gaya da Kamba. Makarantar da suka kawo tana da manufa ƙarara: samar da tafintoci, magatakarda, malaman asibiti da malaman makaranta waɗanda mulki ke buƙata. Ba a nemi ilimantar da kowa ba. Kumandan yana yanka wa sarakuna adadin yaran da za su kawo, iyaye da dama kuwa suna ɓoye nasu, domin sun ɗauki abin a matsayin wani nau'in aikin tilas.

Tsanin yana da tsawo, kuma kowane mataki nesa yake da gida: daga makarantar ƙauye zuwa ta yanki, daga nan zuwa Yamai, ƴan ƙalilan kuma su ƙetara Senegal zuwa makarantar William Ponty. Daga can ne Bubu Hama ya fito malami a 1929, daga baya Diori Hamani da Jibo Bakari suka bi sawu. Akwai makarantar aikin gona ta Kollo, wadda asalinta ke komawa shekarun 1930, amma ita ma ma'aikatan hukuma take yayewa. Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su wuce kashi 4 cikin 100 ba, adadin da ke cikin mafi ƙanƙanta a Afirka ta Yamma. A wannan zamani ne wata fahimta ta kafu a zukatan talakawa, ba ta kuma gushe ba: wanda ya yi nasara a lakwal shi ne wanda ya bar gari.

Zamanin da gwamnati ke ɗaukar kowa

Sabuwar ƙasa tana ƙishirwar ma'aikata, saboda haka daga 1960 zuwa shekarun 1980 gwamnati da kanta ce mai shirya makomar ɗalibi. Yaro ya yi shekara shida a firamare, ya zauna jarrabawar sartifika da ta shiga kwaleji. Ya yi huɗu a kwaleji ya nemi birebe. Sa'an nan kwamitin hukuma ya duba makinsa da shekarunsa, ya tura shi lise, ko makarantar horon malamai, ko ta kiwon lafiya, ko ta fasaha irin ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi. An buɗe cibiyar babban karatu a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973. Ana ba ɗalibi kuɗin tallafi, ana tsara fannin da zai karanta daidai da buƙatar ma'aikatu, idan ya gama kuma aiki yana jiransa. Kuɗin yuraniyom na shekarun 1970, a zamanin Seyni Kunce, ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi.

Sai dai ga ɗan ƙauye kamar na ƙasar Yelu, ƙofar matsattsa ce. Kwaleji a babban gari take, lise kuwa sai Doso, inda ake da ta Sarauniya Mangu. Dole yaro ɗan shekara 12 ko 13 ya sami mai masauki, ya yi masa aikace-aikacen gida, ya jure yunwa da kewa. Iyaye da yawa ba sa yarda su saki ƴa mace haka nan. Bugu da ƙari, dukan karatun da faransanci ake yin sa, harshen da yaro bai taɓa ji a gida ba. Masana sun hango matsalar da wuri. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ta ɗauki sunansa a 1992, ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka a 1964, inda ya nemi a koyar da harsunan gida, a kuma haɗa karatu da aikin hannu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da faransanci a Damagaram. Amma gwajin ya shekara da shekaru yana gwaji, bai game ƙasa ba.

Rushewar alkawari

Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, Nijar ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na Asusun Ba da Lamuni da Bankin Duniya. Aka rage ɗaukar ma'aikata, aka taɓa tallafin ɗalibai. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy da ke Yamai yayin zanga-zangar ƙin waɗannan matakai. Shekarun da suka biyo baya na yajin aiki ne da bashin albashi da shekarun karatu da aka soke, ga kuma karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994.

A karkara, sakamakon ya fito fili. Wanda ya faɗi birebe, ko ya ci amma bai sami wuri ba, sai ya komo gida yana ɗan shekara 17, hannunsa bai saba da hauya ba, takardarsa kuma ba ta buɗe ofis: ba tsuntsu ba tarko. Abin da ya karɓi irin waɗannan samari shi ne iyaka. Gadar Gaya da Malanbil, wadda aka fara ginawa a 1958, da kasuwar Kamba, sun samar da dako, kabu-kabu, sayar da man fetur a kwalba, da cin rani zuwa Kwatano da Legas. Iyaye suka yi nasu lissafin, wasu suka gwammace su ba yaro ga makaniki ko tela tun yana ƙarami.

Gyare-gyaren da suka biyo baya

Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a matakin farko, ta kuma amince da ilimin da ake bayarwa a wajen lakwal. Shirin shekara goma na raya ilimi, wanda ya fara a 2003, ya yawaita makarantu, ko da yake da azuzuwan zana da malaman kwantaragi masu ƙaramin albashi aka cike giɓin. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya ba Yelu majalisarta, kwamitocin iyaye masu kula da makarantu suka bazu, kwalejojin karkara kuma suka matso kusa da ƙauyuka, abin da ya rage wahalar neman masauki.

A zamanin Mahamadu Isufu, daga 2011 zuwa 2021, aka mai da hankali ga koyar da sana'a: cibiyar koyon sana'a a kowace ƙaramar hukuma, kwalejin fasaha a kowace da'ira, da burin kai masu wannan karatu kashi 40 cikin 100 na ɗalibai. A 2014 aka kafa jami'ar Doso, mai ba fasahar sadarwa muhimmanci. A Disamban 2017 aka sa hannu kan dokar kare karatun ƴa mace har zuwa shekara 16. A Maris ɗin 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, faransanci da turanci harsunan aiki.

Waɗannan matakai sun buɗe ƙofofi, amma tsohuwar fahimta ba ta mutu ba. Har yanzu mutane da dama suna kallon cibiyar sana'a a matsayin mafakar wanda ya kasa. Sana'o'in da aka fi koyarwa, ɗinki da walda da gyaran babur, na birni ne, alhali rake da shinkafa da rogo da muruci da gishiri, waɗanda su ne arzikin kwarin, suna jiran mai sarrafa su da adana su da nemo musu kasuwa. Rufe iyakar Najeriya a 2019, da rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sun nuna cewa abincin da ya dogara ga iyaka kaɗai yana iya yankewa dare ɗaya.

Abin da ya rage a hannun malamai da ƙungiyoyi

Gina lise ko jami'a aikin gwamnati ne, amma akwai abin da ba ya jiran kasafin kuɗi. Ɗalibin ajin ƙarshe na kwaleji yana da haƙƙin sanin bambancin fannonin A da C da D, da sharuɗɗan shiga Kollo ko makarantar malamai ta Mali Bero da ke Doso, tun kafin ranar cike takarda. Iyayensa ma suna da haƙƙin jin wannan bayani da harshen da suke fahimta. Ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke Doso da Yamai suna iya ɗaukar nauyin masaukin ƴan mata, su kuma riƙa turo waɗanda suka yi nisa su zanta da na baya. Ƙungiyoyin al'adu kuwa suna iya rubuta ilimin masu dafa gishiri da masu sassaƙar azara da manoman fadama, da kalmominsu da ma'aunansu, domin ya shiga darasin lissafi da kimiyya kafin tsofaffin su ƙare.

Hausawa na cewa ilimi gishirin zaman duniya. Mutanen kwarin Foga sun fi kowa sanin cewa gishiri ba ya samuwa sai an tace ƙasar da ake tsaye a kanta. Ranar da ɗan lakwal na Yelu zai iya zaɓar jami'a ko gona ko shago ba tare da an ce ya faɗi ba, ranar ce za a ce an amsa tambayar da aka ɗebe fiye da ƙarni guda ana yi.