Tarihin Gano Ƙwayar Jijiya

Ƙwayar jijiya, wadda masana ke kira niyuron, ita ce tubalin ginin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da ke kai saƙo cikin jiki. Ƙwaƙwalwar baligi na ɗauke da kimanin biliyan 86. Littattafai sun saɓa kan shekarar gano ta: wasu na cewa 1891, wasu 1906. Abin da ya fi inganci shi ne 1888.

Tun 1839 masana suka yarda cewa jikin kowace dabba ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka yi shi. Ƙwaƙwalwa ce ta gagara, domin zarurrukanta sun cukurkuɗe, madubin likita bai iya rarrabe su. Saboda haka da yawa suka bi ra'ayin Bajamushe Joseph von Gerlach, cewa jijiyoyi raga ce guda, ko'ina a haɗe.

A 1873 Camillo Golgi, likita a wani asibitin masu doguwar jinya a Abbiategrasso ta ƙasar Italiya, ya mai da kicin ɗakin gwaji. Ya jiƙa yankin ƙwaƙwalwa a sinadarin potassium dichromate, sannan a ruwan sinadarin azurfa. Sai ƙwayoyi ƙalilan suka rine baƙi ƙirin tun daga jiki har rassa, sauran ba su kama ba. A karon farko aka ga siffar ƙwaya guda cikakkiya. Duk da haka Golgi ya ci gaba da cewa raga ce.

Shekara goma sha huɗu rinin bai yaɗu sosai ba. A 1887 Santiago Ramón y Cajal, malamin ilmin sassan jiki ɗan ƙasar Sifaniya, ya gan shi a Madrid wajen likita Luis Simarro. Da ya koma aiki a Barcelona sai ya gyara dabarar ta hanya biyu. Ya riƙa maimaita jiƙon sau biyu don rinin ya kama sosai. Ya kuma zaɓi ƙwaƙwalwar ɗan tsako tun yana cikin ƙwai da ta jariran dabbobi, saboda kitsen da ke naɗe zarurrukan bai riga ya fito ba, kuma shi ne ke hana rini shiga. A 1888 ya wallafa bincikensa kan ƙaramar ƙwaƙwalwar tsuntsaye da ke ƙeya, inda ya nuna kowane zare yana ƙarewa kusa da wata ƙwaya ba tare da ya narke cikinta ba. Da Sifaniyanci ya rubuta, masu karanta shi kaɗan ne, don haka a 1889 ya ɗauki gilasan gwajinsa zuwa taron masana a Berlin. Can Albert von Kölliker ya duba da idonsa ya gamsu, har ya koyi harshen don karanta ayyukansa.

Wilhelm His da August Forel sun kusanci wannan matsaya a 1886 da 1887, kuma sun cancanci ambato. Wilhelm Waldeyer kuwa, wanda ake jingina wa 1891, tattara binciken wasu ya yi ya raɗa wa ƙwayar suna niyuron. A 1897 Charles Sherrington ya kira mahaɗar ƙwayoyin sinaps. A 1906 aka raba wa Golgi da Cajal kyautar Nobel, Golgi kuma ya soki ra'ayin abokin rabonsa a jawabinsa.

Saura tambayar yadda saƙo ke tsallake giɓin da ke tsakanin ƙwayoyin. A 1921 Otto Loewi, a Graz ta Ostiriya, ya motsa jijiyar zuciyar kwaɗo har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa wata zuciyar, ita ma ta sassauta. Sinadarin da jijiyar ta saki cikin ruwan shi ne acetylcholine, wanda Henry Dale ya bayyana aikinsa tun 1914. Su biyun sun samu Nobel a 1936.

Giɓin kansa, mai faɗin kimanin nanomita 20, ba a gan shi ba sai tsakiyar shekarun 1950 da madubin lantarki. Golgi ya rasu a 1926, Cajal a 1934. Rinin na Golgi ne, amma fahimtar abin da rinin ya nuna ta Cajal ce.