Issaka Issaka da takubba shida: abin da muka gani daga wannan gefen iyaka

Jiya a teburin mai shayi gardama ta sarƙe tsakanin wasu samari biyu, ɗaya na cewa ba a taɓa yin ɗan kokawa kamar Issaka Issaka ba, ɗayan na cewa ai Kantu ya fi shi. Na tambayi mai goyon Kantu ko ya taɓa ganin kayensa ko da a hoto, ya ce a'a, a bakin kakansa ya ji. To nima a bakin tsohona na ji, shi ya sa na ce bari in rubuta ɗan abin da na sani.

Gasar takobi ta Nijar ta fara ne a 1975 a Tawa, shekara guda bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki. Kafin nan kokawa wasan kaka ce, a gama girbi, samarin wannan gari su je wancan gari da makaɗansu, a kafa da'ira a yi ta kaye har dare. Gwamnati ce ta ɗauke ta daga dandali ta mayar da ita gasar ƙasa, ana zagayawa da ita jiha-jiha, wanda ya rage bai faɗi ba a ba shi takobi. Yakuba Ango, wato Kantu na Maraɗi, shi ya ɗauki na farko. Yau filin kokawar Maraɗi sunansa ke kai, kamar yadda na Doso ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani. Ku lura da wannan, don zan dawo kansa.

Yadda gasar take yanzu, jihohi 8 ne, kowace da 'yan kokawa 10, mutum 80 ke nan. Ana yin kwanaki kusan goma ana karawa. Faɗuwa ɗaya tak ta fitar da kai daga neman takobi, ko da kai ne sarkin bara. Ba maganar a rama a zagaye na biyu. Wanda bai taɓa kama ƙato a cikin rairayi ba ba zai gane nauyin wannan ba: kullum ka fito da kafaɗa mai ciwo, da yatsu a kumbure, ga wani sabon yaro da bai da abin da zai yi asara, burinsa kawai a ce shi ya kayar da kai.

A cikin wannan tsari ne Kadri Abdu, ɗan jihar Doso, wanda duniya ta sani da Issaka Issaka, ya ɗauki takobi sau shida. Uku na ƙarshe a jere ya yi su: Yamai, Difa, sannan Agadas a ƙarshen Disamban 2023. A nawa ganin, abin da ya raba shi da sauran ƙarfafa shi ne rashin gaggawa. Ƙarfi kam akwai, amma da yawa suna da shi. Shi zai riƙe mutum ya bar shi ya gaji da kansa, ɗan kallo har ya fara ƙosawa, sai kawai ka ji fili ya ɗauka. Masu son kokawar salo da tsalle-tsalle ba duka suke ƙaunarsa ba, na sani, kuma ban ga laifinsu ba.

Na Agadas ɗin nan ba zan manta da shi ba, saboda halin da muke ciki a lokacin. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, hanyar Illela zuwa Ƙonni ta mutu murus. Kasuwar Lahadi ta rage armashi, 'yan uwa na nan kusa amma zuwa suna ko ta'aziyya ya zama sai ta ɓarauniyar hanya. Duk da haka ranar wasan ƙarshe, a nan Araba, mutane sun yi cincirindo kan wayoyi da rediyo, kowa da gwaninsa. Ban ji wanda ya tsaya tambayar ɗan wace ƙasa ne ba. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe iyakar.

Shekara ta zagayo, gasa ta koma Doso, gidansa. Ya kai wasan ƙarshe, Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da shi a gaban mutanensa. Wasu a nan har da hawaye, wallahi.

Abin da ke damuna shi ne bayan an daina kiɗa. Kwanaki na karanta labarin wani ɗan Kanada, Derek Boogaard, mai wasan hoki na kan ƙanƙara, irin wanda ake yi da sanda ana sulu da takalmi mai ƙarfe. Ɗan gaba ne ta gefe, amma abin da ƙungiyoyinsa, Minnesota Wild da New York Rangers, suka fi buƙata a wurinsa shi ne jikinsa da naushinsa, ya tsorata abokan hamayya. Ya rasu a Mayun 2011 yana da shekara 28, sanadin haɗa maganin kashe zafin ciwo da giya, kuma da likitoci suka duba ƙwaƙwalwarsa sun tarar da illar yawan bugun kai. Wannan fa a ƙasar da ke da inshora da asibitoci ke nan.

Mu nan fa? Akwai wani dattijo a yankinmu da a da in ya shiga fili sai makaɗa su canza kiɗa. Yanzu gwiwa ta hana shi noma, a zaune yake sallah, kuma ba ofishin da ke da sunansa a takarda. Na faɗa ne a matsayina na ma'aikacin gwamnati, na san yadda ake buɗe fayil da yadda ake mantawa da shi. Nijar ma ba wai sun gama gyara nasu ba ne, amma aƙalla suna da gasa ta kowace shekara, da kyautar kuɗi, da filaye masu sunan 'yan kokawarsu. Mu da muke da 'yan kokawa da 'yan dambe tun daga Sakkwato har Zamfara, in ba don waƙar Ɗan Anace ba, yaran yanzu da ko sunan Shago ba su ji ba.

'Yan uwa na Ƙonni da Tawa da ke bibiyar wannan shafi, waɗanda suka ga Kantu ko Kadade da idonsu, ku zo ku raba mana gardamar mai shayi. Na yi wa samarin nan alkawarin zan karanta musu amsoshinku gobe da safe.