TARIHIN WATA TAMBAYA: SHIN AMSAR TANA NAN KUWA?

Jama'a, akwai tambayar da ta ci wa masana lissafi tuwo a ƙwarya fiye da shekara ɗari. Kafin ka ɓata ƙarfi wajen neman amsa, me ya tabbatar maka cewa akwai ta?

Maganar ta shafi lissafin sauyi, wanda ke bayyana yadda abu ke canzawa taki bayan taki, kamar yaɗuwar zafi a jikin ƙarfe. Idan an ba ka mafari da saurin tashi, da sauƙi. Cauchy na Faransa ya nuna a shekarun 1820 cewa amsa na samuwa, ko da na ɗan gajeren zango ne, Picard kuma ya ƙarfafa hujjar a 1890.

Wuyar tana zuwa in an ɗaure baki biyu kamar igiyar shanya: dole ta tashi daga wannan ƙusa ta ƙare a waccan. Ku duba y'' + y = 0. Duk amsar da ta fara daga sifili ninkin sin x ce, kuma sin x na komawa sifili a π. Saboda haka in ka ce a π ta ƙare a 1, babu amsa sam. In ka ce ta ƙare a sifili, amsoshin ba sa ƙirguwa.

Tun 1744 Euler ya hango wannan a ginshiƙi: yana tsaye ƙyam har nauyi ya kai wani mizani, sai ya lanƙwashe, wato amsa ta biyu ta ɓullo. A 1836 da 1837 Sturm da Liouville suka tsara ilimin irin waɗannan mizanai a mujallar da Liouville ya kafa a Paris.

Lissafai masu wuyar sha'ani suka rage. Bernstein a 1912 da Nagumo na Japan a 1937 suka fito da sharuɗɗan da ke hana amsa kuɓucewa. Schauder, ɗan birnin Lviv, ya kawo babban makami a 1930, shi da Leray suka faɗaɗa shi a 1934: hanyar tabbatar da amsa ba tare da an rubuta ta ba. 'Yan Nazi suka kashe Schauder a 1943, amma hujjarsa na aiki har gobe.

Ɗalibanmu, ku riƙe wannan da kyau. Kwamfuta na iya zubo lambobi ko da amsar ba ta nan. Hujjojin mutanen nan ne ke gaya wa injiniya lokacin da zai amince da su.